Kayan Aro a Ɗakin Gwaji

Shafi na 31

Masu cewa na cika son Farfesa Juwairiyya, ba na bari ko ƙuda ya sauka a kanta, to yau ku gyara zama. Ni kaina da na gama rubuta shafin nan sai da na ajiye waya na nemi ruwan sanyi.

Ƙarfe sha biyu saura na ranar Alhamis, Farfesa Juwairiyya Audi, shugabar Jami'ar Gwadabe da ke bayan Iyana Ipaja, tana tsaye bakin tagar ofishinta tana murmushi ita kaɗai. Wanda ya san ta ya san murmushinta tsada gare shi. Shekara uku ke nan da ta karɓi makarantar da marigayi Alhaji Gwadabe mai goro ya gina don 'ya'yan Hausawan Agege. Ta same ta awaki na kwana a ɗakin karatu, fankoki da ƙyamare kuwa ƙafa suke yi su fice. Ta gyara rufi, ta kori masu sayar da maki, ta kafa doka cewa ko tsintsiya ba ta fita ƙofar makarantar sai da takarda mai sa hannunta.

Abu guda ya rage mata, sashen gwajin jini da cututtuka. Hukumar da ke tantance jami'o'i ta taɓa zuwa ta ƙi amincewa da sashen saboda rashin kayan aiki, ta kuma ce zuwa na biyu shi ne na ƙarshe. In suka sake faɗuwa za a rufe shi, karatun shekara biyar na ɗalibai casa'in da shida ya bi ruwa. Yanzu haka masu tantancewar suna ƙasa, yini na biyu, kuma labarin da ke hawowa mai daɗi ne. Sababbin maduban likita arba'in na jere a kan tebura suna ƙyalli.

Sakatariyarta ta sauka kai wa baƙi ruwa, shi ya sa babu wanda ya tare mutumin da ya hawo ya tsaya a ƙofa.

"Salamu alaikum. Nan ne wajen Madam mai sa hannu?"

Dattijo ne dogo mai farin gemu, da tsohon ƙyalle a kafaɗa. Warin albasa ya riga shi shigowa.

"Wa alaikumus salam. Shigo, Baba. Lafiya?"

"Lahiya lau. Sunana Idrissa, ni ne babban 'yan dako na layin albasa a Mile 12. Masu gadi sunka ce kamiyo, babbar motarmu, ba ya hita da kaya sai kin sa hannu."

Ya miƙa mata takardar fita da hannu biyu.

"Wane kaya?"

"Wanda munka kawo ran Lahadi. Maduban nan na likita, da injin nan mai juya jini, da firji biyu. Yau za su koma gida."

"Gida ina?"

"Isolo mana. Wajen mai su, mai ɗakin gwajin jini."

Ta yi 'yar dariya.

"Baba, an ɓatar da kai. Kayan namu ne. Ni na yi odarsu da kaina, daga tashar jirgin ruwa aka kawo su ina Abuja."

Dattijon ya dube ta irin kallon da ake wa yaro ya ce maka rana daga yamma take fitowa.

"Madam, shekara talatin da ɗaya ina dako a Ikko. Na san bambancin Isolo da bakin teku. Kuma ni kaya ba ya ratsa hannuna ban yi mishi alama ba, ko buhun albasa ne. Ki sa a kifa kowane madubi, za ki ga ɗigo uku na shuɗin fenti a gindi nai. Ɗigo uku na mai Isolo ne, don kar ya gamu da na wani."

Dariyar ta ƙafe a fuskarta. Ta ja kujera ta zauna a hankali.

"Wa ya sa ku kawo?"

"Malam Shafi'i."

Rijistaran jami'ar ke nan. Mutumin da ta fi yarda da shi a duk makarantar.

Idrissa ya ga yadda ta canza, sai ya ɗauka kunyar aro ce ta kama ta, ya shiga lallashi.

"Haba Madam, aro ai ba komai ba ne. Ko bikin gidan attajiri ana aron tukunya da tabarmi. Abin kunya shi ne ran mayarwa ta zo a neme ka a rasa. Ni na sa hannuna cikin na mai kayan, na ce mishi Alhamis kahin la'asar, in kuwa ban tashi yanzu ba cunkoson hanya ba ya bari in kai. Gobe da sahe yana da masu gwaji. Malam Shafi'i ya kira ni jiya wai baƙinku sun yi lattin kwana guda, in bari sai Juma'a. Na ce mishi ba da kai na yi alkawari ba."

Ya gyara ƙyallensa, yana murmushin jin daɗi.

"Ni aikin ma kyauta na yi. Ɗiyata nan take lakwal, karatu take. Halima Sa'adiya. Bana take gamawa."

"Wane sashe?"

"Na jinin nan."

Sai ga ƙofa an banko. Malam Shafi'i ne, hula a karkace, yana haki kamar wanda ya bi motar danfo da gudu daga Oshodi. Yana ganin dattijon ya tsaya cak.

"Baba Idrissa, ɗan jira ni a baranda," in ji Juwairiyya. "Akwai benci."

Ya fita. Ta bari sai da ƙofa ta rufu.

"Ina kwantenata?"

"Ranki ya daɗe, bari in yi miki bayani."

"Ina kwantenata, Malam Shafi'i?"

Ya sunkuyar da kai.

"Tana tasha. Ba ta fito ba."

"Ka kira ni ina Abuja ka ce ta fito."

"Na ce."

"Na dawo na tara ɗalibai ran Litinin. Na tsaya a gabansu na ce ku duba da kyau, ko allura babu ta aro a ɗakin nan. Kana gefena kana tafi."

"Ina tafi."

"Ashe dariya kake min."

"Wallahi ba dariya ba ce." Ya ɗago. "Wata huɗu ina zarya tashar nan. Yau a ce takarda, gobe a ce oga bai zo ba. Ranar zuwan hukuma ta matso. Me kike so in yi? In buɗe musu ɗaki su ga madubai biyar na zamanin Alhaji, biyu ma da makanta?"

"Ka faɗa min."

"In na faɗa miki za ki yarda?"

"A'a."

"To shi ya sa."

Ta buga tafin hannunta a tebur, ba da ƙarfi ba, amma sai da biro ya gangaro ƙasa.

"Ka yanke min hukunci ke nan. Ka mayar da ni maƙaryaciya ban sani ba."

"Abeg, Farfesa, wace makaranta ce ba ta yi? Wasu har malamai suke arowa, a sa musu kwat a zaunar da su a ofis na kwana biyu. Mu kaya kawai muka ara, kuma namu na nan tafe. Wannan ai ba ƙarya ba ce, gaggawa ce."

"Kayan aro ba ya rufe katara."

"Na awa biyu yana rufewa." Ya matso, ya rage murya. "Ƙarfe biyu za su tafi filin jirgi. Dokarki ce a ƙofa, babu mai fitar da komai sai kin sa hannu. Ki riƙe takardar tsohon nan, ki sa hannu a ta hukuma, su tafi. Shi ke nan. Ko magana ba sai kin yi ba."

Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne yadda maganar ta shige ta sumul, ba ta ci karo da komai ba. Tana so. Kar wani ya ce muku ba ta so.

"Juwairiyya."

Rabon da ya kira sunanta haka tun ranar da ta kama aiki. Gidansu ɗaya a Agege suna yara, shi yake riƙe hannunta ya tsallakar da ita layin dogo zuwa firamare.

"Kin san 'ya'yan su waye a ajin nan. Na masu shayi ne, da 'yan okada, da mahauta. Akwai wadda uwarta ke tuyar awara a bakin masallacin Juma'a. Ke in aka rufe sashen, gobe wata jami'ar za ta ɗauke ki da mota da direba. Su fa?"

"Yaya Shafi'i, kar ka yi min haka."

"Dole in yi. Sunanki kike karewa, ni yara nake karewa."

Maganar ta soke ta, don ba ta da tabbacin ƙarya ya faɗa.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa sau biyu. Farfesa Omolara Ajiboye ce, jagorar masu tantancewa, gajeriyar mace mai furfura da tabarau a ƙarshen hanci. Fayil ne a hannunta. Ta dubi Shafi'i, ta dubi biron da ke ƙasa.

"Malam, ɗan ba mu wuri."

Ya fita yana waiwaye. Da Turanci take magana tana sirkawa da Yarabanci, don tun jiya ta gano Juwairiyya haifaffiyar Agege ce.

"Mun kusa gamawa. Saura wannan." Ta zaro takarda ta ajiye kusa da ta Idrissa. "Shaidar shugaba ce cewa duk kayan da muka gani mallakar jami'a ne. Sa hannu da hatimi."

Juwairiyya ta kalli takardar, ba ta taɓa ta ba.

Matar ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba, ta cire tabarau tana gogewa da bakin gyale.

"Ɗakin gwajinku warin albasa yake."

Ta ci gaba da goge tabaran.

"Ga kuma babbar mota a bakin ƙofa tun ɗazu, da ƙarti shida a inuwarta. Aburo mi, ƙanwata, shekara goma sha ɗaya ina aikin nan. Ba yau na fara jin wari ba. Na taɓa shiga ɗakin gwaji yana ƙamshin fentin da bai bushe ba."

"Kin sani ke nan."

"Ban san komai ba. Ni ba na kifa kaya in leƙa gindinsu. Abin da shugaba ya sa wa hannu shi nake kaiwa Abuja." Ta mayar da tabarau. "Yaranki sun iya aiki, wannan kam na gani da idona. Akwai wata doguwa a tebur na farko, na ba ta jini, kafin in gama gyara zama ta faɗa min abin da ke ciki. Na tambaye ta a ina ta koya, ta ce layi suke bi a kan tsofaffin madubai, ita takan zo tun kafin a buɗe ƙofa."

"Namu kayan suna tashar jirgi, Ma. Ina da takardun."

"Hukuma ba ta tantance abin da ke cikin kwantena."

"Ko wata uku a ba mu."

"Ba a hannuna yake ba. Zan iya rubuta roƙo a ƙasan rahoto, amma na ga inda irin roƙon nan yake ƙarewa." Ta tura takardar da ɗan yatsa. "Ki saurare ni. In kika sa hannu, ban ji warin komai ba. In kika buɗe baki kika ce na aro ne, ko da wasa, dole in rubuta. Ki yi tunani kafin ki yi magana."

Juwairiyya ta sunkuya ta ɗauko biron. Ta kai shi kusa da takardar.

Bara war haka ta kori wani yaro ɗan aji uku da aka kama ya shigo da sakamakon jarrabawar da ba tasa ba. Uwarsa ta zo ofishin nan, ta durƙusa daidai inda kujerar baƙuwar take, ta kama ƙafarta tana cewa kowa haka yake yi, nata ɗan ne kawai aka kama. Juwairiyya ta ɗaga ta, ta ba ta ruwa, ta ce mata a makarantar nan an daina. Matar ta fita tana kuka har ƙasan bene. Fuskarta ce ta tsaya mata yanzu tsakanin biro da takarda, ta ƙi matsawa.

Ta miƙe ta buɗe ƙofa.

"Baba Idrissa, shigo. Kai ma shigo, Malam Shafi'i."

Suka shigo. Ta koma tebur, ta jawo takardar fita, ta sa hannu, ta buga hatimi. Shafi'i ya dafe bango.

"Innalillahi. Juwairiyya, me kika yi?"

Ba ta kula shi ba, ta juya ga baƙuwar.

"Ma, kayan na aro ne. Madubai arba'in, injin juya jini, firji biyu. Namu biyar ne, uku ke aiki. Ban sani ba sai yau, amma ni ce shugaba, a rubuta da sunana."

Farfesa Omolara ta daɗe tana kallonta. Ta ja dogon numfashi, ta ɗauke takardar shaidar ta mayar cikin fayil ba sa hannu.

"O ma she o. Kaico. Na so a ce ba ki faɗa ba."

Idrissa bai ji Turancin ba, amma ya ga fuskoki. Ya karɓi takardarsa, bai tafi ba.

"Madam, lahiya? Ko na yi ɓarna?"

Da ta so sai ta ce babu komai, ya tafi ya ji a wani bakin. Ta ga ba ta da wannan damar.

"Baba, wannan aron ba irin na biki ba ne. Baƙin nan sun zo ne su ga ko muna da kayan koyarwa na kanmu. In babu, za su rufe sashen."

"Na jinin?"

"Shi."

"To waɗanda za su gama bana hwa?"

"Takardarsu ba za ta yi aiki ba. Zan yi yaƙi a kai, har Abuja zan je, amma ba zan yi maka alkawarin zan ci ba."

Dattijon ya dubi takardar da ke hannunsa. Ya juya ta, kamar akwai wani abu a bayanta.

"Shekara biyar," ya faɗa a hankali. "Ran da ta sa farar rigar nan, hoton na nuna ma duk layin albasa. Har masu tumatir na kai mawa."

 Ya matso kusa da tebur.

"Madam, ki ji. Tunda nike ban taɓa cewa mutum Alhamis ya gan ni Juma'a ba. Amma yau zan yi. In tahi in ce kamiyo ya lalace. Ku gama da baƙinku. Ni na ɗauki zunubin."

Wannan ya fi duk maganganun Shafi'i yi mata ciwo. Tsohon da ya ƙi rijistara jiya, yau ga shi yana miƙa mata mutuncinsa na shekara talatin da ɗaya da hannu biyu. Hawaye ya cika mata ido, ta bar shi a nan, bai zubo ba.

"Na riga na faɗa musu, Baba. Ko ka bari ko ka ɗauka, magana ta fita. Kar ka yi asara biyu. Je ka cika alkawarinka."

Ya tsaya kamar bai ji ba. Can ya ninke takardar gida huɗu, ya sa a aljihun gaba.

"Dakor," ya ce. "To."

Farfesa Omolara ta miƙe.

"Sai mu sauka tare. Dole in ga abin da zai rage a ɗakin."

Suka sauko bene a jere. Shafi'i ne a baya, yana share fuska da hularsa. A tsakar makaranta Idrissa ya ɗaga hannu, mutanensa suka taso daga inuwar mota suka biyo shi da kwalaye.

Ɗakin gwajin cike yake da fararen riguna. Ɗalibai na ganin shugabarsu tare da baƙuwa suka ɗauka albishir aka kawo. Wani daga baya ya fara tafi, sauran suka kama, har da masu buga tebur.

"Mama VC, mun ci ko?"

Ba ta iya ɗaga musu hannu ba.

A tebur na farko wata doguwar yarinya ta ɗago daga kan madubi. Tana ganin dattijon fuskarta ta washe.

"Lah, Baba. Me ya kawo ka? Zo, zo ka leƙa ka ga abin da nake ba ka labari."

Ta kama hannun rigarsa tana jan shi, tana gaya wa ta kusa da ita cewa babanta ne. Idrissa ya bi ta har gaban madubin. Bai leƙa ba. Ya sunkuya ya zare wayar daga soket, 'yar fitilar ta mutu. Ya naɗe wayar a hankali, ya sa hannu biyu ya ɗaga madubin ya rungume a ƙirji.

Tafin ya riƙa mutuwa daga gaba zuwa baya.

"Baba?" Halima Sa'adiya ta yi dariyar da ba ta kai ko'ina ba. "Ina za ka kai mana shi? Ba mu gama ba fa."

 Ya juyo da madubin a ƙirjinsa, idanunsa jawur, ya nemo Juwairiyya a bakin ƙofa.

"Madam," ya ce, "ke ki gaya mata."

Ɗalibai casa'in da shida suka juyo suna kallonta.